Matar da ke rarrafe a ɗakunanmu

Idan ta tashi daga aiki a sashen yara na asibiti, ba gida take nufa ba. Gidan da yaro ya fara jan ciki take shiga, ta yi sallama, ta ajiye jaka, ta durƙusa ta kama rarrafe. Mace mai jikoki, da farar rigarta, tana leƙa ƙarƙashin gado. Ta ce sai ka sauko daidai idon yaro kake ganin abin da yake gani: wayar wuta da ta ɓare, ƙwayar maganin kaka da ta gangara bayan kujera, bokitin ruwa ba murfi. Mu kuwa, da yake mun iya raini, muka laƙaba mata Mai Rarrafe.

A kan idona ta zaro kwalbar lemo cike da kananzir daga ƙarƙashin keken ɗinkin tela, maƙwabcina.

Ta ce, "Maigida, a sauya wa wannan kwalba, a ɗaga shi sama. Yaro lemo zai gani."

Tela ya ce, "Mama, gidana ne ko naki? Mu ma haka aka raine mu, ga mu da ranmu."

Ya karɓi kwalbar ya mayar inda take. Ba a jima ba ɗansa ya kwankwaɗa. Jama'a suka taru suka ɗura masa manja wai ya amayar, aman ya tura kananzir ɗin cikin huhu. Ita ɗin dai ta karɓe shi a asibiti, yana numfashi da ƙyar. Ya rayu, amma har yau in ya ɗan yi gudu sai ya tsaya yana haki.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, kowa ya zo dubiya sai ya ce ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara. Amma hannun mutum ne ya zuba kananzir a kwalbar lemo, hannun mutum ne ya mayar da ita bayan an faɗa masa.

Mama, ke ce kika shanye wulaƙancinmu don 'ya'yanmu su girma. Ke ce ba ki taɓa ce wa tela "ai na faɗa maka" ba, ni da tuni na faɗa. Yanzu kin ajiye aiki, gwiwa ta ƙi, ko kujera sai an kama ki. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Sauran aiki namu ne, kowa ya duba ɗakinsa da na maƙwabcinsa. Ƙanwar ɗan telan nan ta fara jan ciki. Jiya na je karɓar ɗinki, na tarar da wata kwalbar a daidai inda ta farkon take. Na ɗauke ta na fita, tela yana ta zagina har bakin titi. Ya yi ta yi. Zaginsa ya fi mini sauƙi a kan in je yi masa ta'aziyya.