Mamman Soja da Fuskar da ke Jikin Farin Ƙyalle

Ina tankaɗe a tsakar gida da hantsi aka yi sallama. Na leƙa zaure, sai ga Malam Isufu na Tsauni, aminin Baba, yana turo keken Baba. Baba bai taɓa yarda wani ya riƙe masa keken nan ba. Tun Malam bai buɗe baki ba na ajiye rariya, na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mahaifina, wanda duk Matamaye ke kira Mamman Soja, ba mai yawan magana ba ne. Su biyu aka ɗauka zuwa yaƙin Faransa da Jamus, shi da ƙanensa Ilu, aka raba su a bakin jirgin ruwa. Shi ya dawo. Ilu bai dawo ba, ba a kuma ce ya mutu ba. Mahaifiyarsu, Inna Hassu, ta hana a yi masa sadaka. Takan ce, "Ba ni yi wa mai rai addu'ar matattu." Baba ya durƙusa gabanta ya yi alkawari zai kawo mata tabbas, mai daɗi ko mai ɗaci.

Wannan alkawari ne ya haɗa shi da littattafan yaƙi. In ya kai gyaɗa Damagaram yakan dawo da masu hotuna, shi da bai iya karatun Faransanci ba. Ni na ɗan taɓa lakwal, makarantar boko, don haka ni yake kira. "Rabi, karanta mini ƙasan hoton nan." In yi ta haɗa baƙaƙe, shi yana bin fuskokin baƙaƙen sojoji da yatsa. Wata rana ya rufe littafi ya ce, "Sun rubuta sunan jirgi, sun rubuta sunan gada, amma ba su rubuta sunan ɗan mutane ba."

In motar silima ta zo gari aka kafa farin ƙyalle bayan magariba, mutane dariyar masu barkwanci suke jira, shi hotunan yaƙi yake jira. Ba ya zama. Yakan tsaya daf da ƙyallen har yara su yi ta ihu, "Baba Soja, inuwarka!" Da safe ya je ɗakin Inna ya ce, "Inna, jiya ma ban gan shi ba." Maƙwabta sun sha ce masa ya faɗa mata kome dai, tsohuwa ta huta. Sai ya ce, "Wanda ya binne mutane da hannunsa ba ya ƙarya a kan mutuwa."

Zuwan motar na ƙarshe aka nuna layin fursunonin yaƙi suna tafiya cikin sanyi. Ɗaya ya waiwayo, da zane a kumatunsa irin na gidanmu. Baba ya daka tsawa, "Tsaya!" Mai injin ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan ba jaki ba ne." Hoton ya wuce.

Washegari Baba ya hau keke ya bi motar zuwa Kurni, daga can Dawce, ga tari ya riƙe masa ƙirji. Da ya biyo gida shan fura na tare ƙofa.

"Baba, don Allah ka huta. Ka faɗa wa Inna abin da ka gani."

"Gani ɗaya ba shaida ba ne, ƴata. Saura Tsauni."

Malam Isufu ya ce a Tsauni, da aka gama nuna silimar, Baba ya zauna ƙasa yana hawaye. Ya tambaye shi, "Mamman, shi ne ko ba shi ba ne?" Baba ya ce, "Na tabbatar. Amma Inna ce za ta fara ji." Baba ya kamo hanyar gida da sassafe. Masu zuwa kasuwa suka tsince shi a gindin gawo, rai ya yi halinsa, keken na jingine.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa kabari, ya sa gaskiyar da ya riƙe ta zame masa haske. Allah ya ba mu haƙuri, mu da ƙannena, ya sanyaya zuciyar tsohuwar da ta haifi biyu, yau ba ko ɗaya a gabanta.

Mun yi sadakar bakwai. Kowace safiya in na kai mata koko, Inna takan riƙe hannuna ta ce, "Rabi, me ya gani?" Motar silima ta bar ƙasarmu. Har yau ba a yi sadakar Ilu ba, kuma ba wanda ya ba Inna amsa.