Takardar da Alƙali Bai Karanta Ba

Ni ɗan lakwal ne, wato ɗan boko, na zamanin da ake dukan yatsu saboda ɗigon tawada. Na tsufa ina magatakarda a wata kotu ta yankinmu, kuma ba a taɓa samun kuskuren harafi a rubutuna ba. Laifina ya fi wannan girma.

Idan 'yan sanda suna neman izinin kama mutum ko binciken gidansa, takardarsu ta hannuna take bi zuwa teburin alƙali. Alƙalinmu mutumin kirki ne, amma shi kaɗai ne, dosiye kuwa, wato kundin takardun shari'a, har bisa kujeru. Sai na saba masa da sauƙi: in jera takardu, in riƙa ɗaga masa kusurwar ƙasa kawai, yana sa hannu, ina buga hatimi. Yakan kira ni da laƙabin girmamawa na Faransanci, ya ce, "Mushe, ka duba?" In ce, "Na duba, ranka ya daɗe."

Da goro aka fara, don in gaggauta takarda. Daga baya wani ɗan sanda ya kawo mini rago, da takarda a kan wani manomin Yekuwa, wai yana ɓoye kayan sata a rumbu. Babu shaida ko ɗaya a cikinta. Na san rigimar gona ce tsakaninsa da yayan ɗan sandan. Ranar Juma'a, ana kiran salla, na cusa ta a tsakiyar sauran takardu, alƙali ya sa hannu.

Aka farke rumbunsa, aka kai shi gidan kaso a farkon damina. Matarsa ta zo a amalanke, ta durƙusa a ƙofata. "Baba, me ya yi?" Na gyara tabarau, na ce, "Alƙali ya duba, ya sa hannu." Gonar manomin ba ta ga iri ba. Kafin kaka zazzaɓi ya kashe shi a tsare.

Aka kawo sabuwar alƙaliya. Ranar farko na ɗaga kusurwa, ta dafe takardar. "Baba, sakar mini. Idona lafiya lau." Ta karanta har ƙarshe, sannan ta nemi tsofaffin dosiye. A cikinsu ta gano takardar manomin. Takardar tsare ni kuwa, a gabana ta karanta ta sau biyu kafin ta sa hannu.

Shekara huɗu na yi a kason da manomin ya mutu a ciki. Da na fito, na tuba ga Allah, na tafi Yekuwa neman gafara. Matar ta ce, "To, Baba, me ya yi?" Na ce, "Bai yi komai ba." Ta shige gida, ba ta sake fitowa ba.

'Ya'yana, idan aka ba ku alƙalami ko hatimi, ku karanta daga sama har ƙasa, ko da ana jiranku. Kada ku ɗaga wa kowa kusurwa. Sunan da ke saman takardar, akwai mai jiransa a gida.