Akuyar Tashar Ilori

Shekarar da fari ya cinye mana gero tun yana tsaye, ni da surukina muka bar Cadawa muka nufi Nijeriya cin rani. Wanda ya haɗa wannan tafiya bai kyauta ba. A wurinmu mutum ba ya cin abinci gaban surukinsa, shi ma tsohon ba zai tauna komai a gabana ba. To ga mu cikin mota ɗaya, gwiwa na gugar gwiwa!

Ɗan garin kwakin da matata ta ƙulle mana, haka ya isa Ilori ba a kwance shi ba. In na ce, "Baba, bismilla," sai ya ce ya ƙoshi. Ni ma in ce na ƙoshi. Ƙarya muke yi, wallahi. Da muka sauka a tasha na ga ƙafafunsa na rawa, tsoro ya kama ni. In tsohon nan ya faɗi a ƙasar mutane, da wane ido zan dubi 'yarsa?

Wata Bayarabiya mai sayar da teba ta ajiye mana kwano ɗaya, ta ce kyauta ne. Muka haɗa baki: "Alhamdulillahi, mun ƙoshi." Nan take cikina ya yi wani ƙugi da ya tona mana asiri. Ta dube ni, ta dubi tsohon, ta tambaye ni ko ubana ne. Na ce surukina ne. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ashe ta daɗe da zama da Hausawa.

Ta ce, "Kai, zo ka ɗaga mini buhu a bayan rumfa. Baba, ku kuma ku tsare mini kwanon nan, akwai wata akuya mara kunya."

Bayan rumfa babu buhu, sai teba da miya. Na ci ina share hawaye.

Da na dawo na tarar da kwanon Baba tas, farin gemunsa ya yi ja da manja. Ya ce akuyar ta fi ƙarfinsa. Matar ta yi ta zagin akuya, alhali tashar nan ko kashin akuya babu.

Mun kama hanya ke nan sai ya cusa mini wani abu a aljihu, yana kallon wani waje. Tsokar nama ce naɗe a ganye. Bai san ni ma na ci ba.

"Akuyar ce ta rage," in ji shi. "Ka ci. 'Yata na jiranka."