Murfin Da Yaya Bakuri Ya Ɗaga

Bana shekara ashirin da shida ke nan da muka kai Yaya Bakuri makwancinsa. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, haifaffen unguwar Karantina ta Jidda kamar ni, jikan alhazan da suka zo aikin hajji da ƙafa ba su koma gida ba. Na daɗe ban yi rubutu a kansa ba, sai da 'yata Zainabu ta ja ni gidan tarihin motocin soja a watan jiya.

Ban taɓa tsayawa kusa da tankar yaƙi ba sai ranar. A hoto ƙarama ce. A gabanka kuwa dutse ne aka ɗora wa sarƙa. Na shafa jikin guda, ƙarfen ya fi tafin hannuna kauri, bakin bindigarta ya wuce kaina da nisa. Ga motoci masu sulke jere, fenti ya koɗe, amma kwarjininsu na nan. Tsohon zaki ko ba haƙori, ba a ja masa gemu. Sai na shiga tasbihi.

A shekarun sittin, lokacin da Jidda ke fara faɗaɗa, Yaya bakanike ne a warshar soja, wato garejinsu. Bai iya karatun boko ba, amma in ya kara kunne a jikin inji sai ya faɗi ciwonsa. Wata ranar Talata aka kawo shi gida hannuwansa biyu naɗe da farin ƙyalle. Inna ta fasa kuka. Shi kuwa cewa ya yi, "Halas, ya isa haka, Inna, 'yar ƙuna ce." Daga ranar yatsunsa ba su ƙara riƙe sifana ba. Ya koma sayar da goro da turare a unguwar Sa'alaba, bai taɓa ba mu labari ba.

Labarin sai daga bakin wani soja mai suna Salim muka ji, da ya zo gaishe shi da kwandon dabino. Ana gwajin wata tanka ne injin ya kama wuta, Salim na ciki, murfin ya cije. Kowa ya ja baya don tsoron fashewa. Yaya ya haye, ya sa ƙarfe ya ɓamɓare, ya kama murfin mai zafi da hannu ya ɗaga, ya jawo Salim waje.

Shekara da shekaru ina jin kalmar murfi, ina hango na tukunya. A gidan tarihin nan mai yi wa baƙi bayani ya hau da mu wani dandamali, ya nuna mana murfin wata tsohuwar tanka, ya ce, "Yalla ya ammi," wato bismilla baffa, "gwada." Na kama da hannu biyu, Zainabu ta taya ni. Da ƙyar ya motsa. A sanyaye ke nan, ba wuta, ba hayaƙi. Gani ya kori ji. Na zauna a bakin dandamalin, hawaye ya zo mini ba shiri.

Da Yaya zai ga yadda ake ɗaukar hoto a gaban waɗannan ƙarafa yau, na san dariya zai yi, ya tambaya ko an duba musu mai. Da ya ga allunan da ke ɗauke da sunan ƙasar da ta ƙera kowace, ba na jin zai nemi nasa sunan.

Gidanmu na Karantina an rushe shi. Hoton Yaya ɗaya ne, shi ma ya dushe. Amma Salim ya haifi 'ya'ya bakwai bayan waccan Talatar. Babbansu, wanda yanzu ya yi furfura, bai taɓa fashin kirana ranar Salla ba, kuma sunansa Bakuri. Allah ya jiƙan Yaya, ya sanyaya masa makwanci.