Malam Maza-maza da Iskar Jos

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Inuwa, wanda ɗaliban wata kwalejin horon malamai a ƙasar Gwarzo suka fi sani da Malam Maza-maza. Lissafi aka ɗauke shi ya koyar, amma ƙwallo ce ta cinye rayuwarsa. Ni ƙanensa ne, kuma ɗan wasansa na baya, don haka na sha wuyarsa a gida, na sha a fili.

Dabararsa guda ce: ba a jira. Ƙwallo ta fita, ka ɗauka ka jefa kafin abokin karawa ya juyo. Alƙali ya busa, ka buga tun usur bai bar bakinsa ba. Daga Kabo har cikin Kano, babu ƙungiyar da ba mu sa ta zaro harshe ba.

Sai zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, albashi ya koma sai an gani. Shugaban kwalejin ya ce in ba mu dawo da kofi daga gasar kwalejoji a Jos ba, za a raba wa malamai filinmu su noma gyaɗa. Ban taɓa ganin laifinsa ba, yunwa ce ta yi magana.

Ba mu da halin kwana a can, sai da safen ranar wasa muka sauka. Yaya ya shaƙi sanyin garin, ya yi dariya, ya ce, "Mu da muke gudu a ranar Gwarzo? Ai nan hutu muka zo." Ba mu san iskar kan dutse ba ta ƙosarwa ba. Ka ja har ƙirji ya cika, amma kamar kunun da aka tsinka da ruwa.

Kafin hutun rabin lokaci mun ci ɗaya. Da aka dawo, ƙafafuna suka zama na aro. 'Yan gida suka ƙyale mu muna ta gaggawa, muna kashe kanmu da kanmu. Na je bakin layi na ce, "Yaya, mu sassauta, numfashi ya ƙare." Ya ce, "Abin da muka iya ke nan, Sale. Koma." Uku suka zura mana. Ranar na yarda sauri kan haifi nawa.

Da damina ta faɗi aka yi huɗa a filin. Shi kaɗai ya ƙi karɓar kasonsa. Ya koma allo da alli, kullum yana zagayawa ta bayan masallaci don kada ya bi ta wurin, har ya bar duniya.

Yau ga Shari'a ta zo, ana ta gardama kan gajeren wandon 'yan ƙwallo, matasa kuwa sun cika gidajen kallo suna ihu a zaune. Da Yaya na raye, me zai ce? Ina jin zai ce a ƙara wa wandon tsawo har idon sawu, a dai ba shi fili. Ni kam na gaji da gardamar, domin inda za a sa wandon ma yanzu an yanka shi filaye ana gini.

Kofi babu, fili babu, dabarar ma ba wanda ya gada. Abin da ya rage mini ranar jana'izarsa ce. Tsofaffin 'yan wasansa ne suka ɗauki makara. Sunna ce a gaggauta, amma tamu gaggawar ta wuce misali: daga kafaɗa zuwa kafaɗa ba tsayawa, dattawa na haki a baya. Da muka zo daidai tsohon filin, Ɗanlami, mai tsaron ragarmu a da, ya karkata ya shiga cikin kunyoyin gyaɗa, muka bi shi da makarar. Mai gonar ya ajiye fartanya ya shiga sahu.

A nan ne kaɗai muka rage sauri. Allah ya jiƙanka, Yaya.