Garma a Cikin Bonet

Cikin duk shekarun da na yi ina aiki, ban taɓa mantawa da ranar da aka zo gwajin motarmu a Boɗinga ba. Lokacin mulkin farar hula na biyu ne, shekarar da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Ni direba ne a sashen gona na ƙaramar hukuma, mataki na uku, ina jan wata tsohuwar wagon fara.

Ku yaran yanzu ba ku san yadda ake yi ba, bari in bayyana muku. Idan za a rage motoci, akan turo jami'i daga Sakkwato ya shiga kowace mota a zaga da shi. Wadda ya ce ba ta da lafiya sai a yi gwanjonta, direbanta kuma a sallame shi, domin ba a ajiye direba babu mota. Ina da mata da 'ya'ya huɗu, ga tsohuwata a Dingyaɗi, ga tsadar da ta sa sabulu ma sai an yi layi. Tsoro na ji ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Injin motata lafiya lau yake. Ciwonta ɗaya, kwana. Da zarar na karya sitiyari sai ta kwanta gefe guda tana tangaɗi, na baya su zube a kan juna.

Bakanikenmu Ummaru ya ce ya san magani. Wai ya taɓa gani a motar wani ɗan kwangila a Kaduna, ƙarfe ne ake gittawa cikin bonet ya haɗa kan shokozoba na dama da na hagu, sai gaban mota ya daina murɗewa. Na kanti kam babu shi, an hana shigo da kaya. Sai shugaban sashenmu, Malam Bello, ya ce a kawo duk ƙarfen da ke akwai ya zaɓa da kansa.

Aka jere masa bututun famfo, da ƙarfen gadon asibiti, da garmar shanu sabuwa fil daga cikin waɗanda aka kawo don raba wa manoma. Malam Bello malamin gona ne tun yana saurayi, ƙarfe ɗaya ya yarda da shi a duniya. Ya ɗaga bututu ya yar. Ya ƙwanƙwasa ƙarfen gado ya ce wannan na marasa lafiya ne. Da ya zo kan garma sai ya shafa ta kamar mai tayin sa a kasuwa.

"Wagga ita ta," in ji shi. "Abin da bajimi biyu sunka kasa tanƙwarawa, mota ba ta iya mai komi."

Ummaru ya ɗauko zarto zai yanke dogon ƙarfen ya bar sauran. Nan Baba Mamman mai kula da sito ya dafe garmar da hannu biyu.

"Ranka shi daɗe, aro ni ka badawa, ba ni bada yanka. Yadda tah hita haka za ta komo."

"To a kwance bakin da hannuwan, Baba," in ji Malam Bello.

"Ko noti guda. Kayan gwamnati na."

Duk wanda ya yi aiki da Baba Mamman ya san gardama da shi ɓata yawu ne. Haka Ummaru ya ɗaure garma sukutum a kan shokozoba. Wuyanta ya haura madigadi ta dama ya sauko, bakinta yana reto dab da ƙasa kusa da taya, hannuwanta biyu sun miƙe waje kamar ƙahon sa. Bonet ya ƙi rufuwa, muka ɗaure shi da igiyar rijiya. Na tsaya ina kallon abin da zan ci abinci da shi, na ji hawaye na neman zubo mini.

Ranar gwaji jami'in ya iso da hantsi, wani dogon dattijo mai tabarau, Alhaji Garba. Ya zaga motar a hankali, ya tsaya a kan garmar.

"Mi na na wanga?"

"Gyaran kwana na, ranka shi daɗe," in ji Malam Bello, ko kunya babu. "Irin na Kaduna."

Alhaji Garba ya shiga gaba. Malam Bello ya shiga baya, Baba Mamman ma ya shiga, wai ba ya barin kayan sito su yi tafiya babu shi. Muka ɗauki hanyar Shagari, masu keke suna faɗawa gona don kada hannun garma ya kwashe su. A kan kwalta babu abin da ya faru. Sai jami'in ya ce in sauka hanyar ƙasa ta wajen Horo Birni, yana son ganin kwana ta gaske.

An yi ruwa kwanan, ƙasa ta yi laushi. Na iso wata babbar kwana ta hagu, na yi bisimilla na karya. Mota ta kwanta dama yadda ta saba, bakin garma ya nutse cikin ƙasa. Sitiyari ya yi nauyi a hannuna, inji ya yi gurnani, amma ko tangaɗi ɗaya ba ta yi ba. Ta sha kwanar nan a tsanake, ƙasa tana tashi tana kifewa a gefenmu. Da na tsaya muka waiga, ga kunya doguwa ta bi bakin hanya, wadda ko shanun huɗa ba za su yi mai kyanta ba.

Wani manomi da ke aiki kusa ya ajiye hauyarsa ya taho, ya durƙusa ya gaida manya.

"Allah shi ba ku nasara, in kun ƙare nan, tawa gonar tana bayan tsamiyar can."

Alhaji Garba ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana duban kunyar. Sannan ya dube ni.

"Direba, ɗiyanka nawa?"

Na gaya masa.

"To, a matsayin mota, wagga ta hwaɗi. Ba ni iya cewa ta ci, ina da Allah. Amma ni motoci anka aiko ni in rage. Ba a ce in taɓa kayan noma ba, gwamnati ma ƙari ta ka nema. Abin da ka huɗa, tarakta na."

Baba Mamman ya ce shi dai a sani garmar aro ce. Aka ce an sani.

Bayan 'yan makonni takarda ta fito, an mayar da ni mai tuƙa tarakta, mataki na uku yadda nake. Direbobin sashen lafiya da na ilimi, waɗanda motocinsu suka fi tawa lafiya nesa ba kusa ba, duk aka sallame su. Ɗaya abokina ne, tare aka ɗauke mu aiki, kuma har ya rasu ban iya haɗa ido da shi sosai ba. Ni kuwa damina biyu na yi ina yawo da garma a bonet, domin Malam Bello ya ce ranar da aka cire ta mun koma mota.

Abin da na koya shi ne, a aikin gwamnati ƙa'ida ba ta da tausayi, amma akan sami mai riƙe da ita da yake da shi. Mutumin nan ya ga shirme ƙarara, ya san shirme ne, ya nemo masa suna don yara huɗu su ci tuwo. Da sunan nan na yi ritaya, da shi nake karɓar fansho, kuma har yau ban taɓa hawa tarakta ba.