Haggai da Kan Cajar Surukinsa

Tun da na dawo Zuru daga karatu a Indiya ban cika yarda da lambar da ake bugawa a jikin kan caja ba. Na ga wadda aka rubuta wa wat sittin da biyar, amma ƙaramar waya ta gagare ta. Masu rumfar caji ma ban sake da su ba, don na sha jin labarin masu zare batir mai kyau su mayar da matacce. Shi ya sa da kawuna Solomon ya ja ni gefe bayan sujada ya ce in sa masa ido a kan mijin 'yarsa, ban yi gardama ba.

Mijin 'yar shi ne Haggai, mutumin Manga. Bai yi nisa a makaranta ba. Kafin a ba shi Glory sai da ya yi golmo, noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya a al'adarmu, kuma gonar Kawu ya nome shekara da shekaru. Bayan aure ya shigo gari ya yi aiki a wani injin niƙa, a nan hannunsa ya saba da inji. Daga baya ya sayi ƙaramin janareto ya kafa rumfar caji kusa da tasha. Ba ya rubuta sunan kowa. Zare yake ɗaura wa waya, ya yanki rabi ya ba mai ita, ja da ja, kore da kore.

Kawu tsohon soja ne, yana zaune a ƙauye a hanyar Mahuta inda wuta ba ta zama. Ɗansa da ke aikin soja ya aiko masa da tabilet don su riƙa ganin juna. Da kan cajarta ta asali ta ƙone, Kawu ya shiga kasuwa ya zaɓi wata kamar yadda mutanenmu ke zaɓa: ya auna a tafin hannu, ya ɗauki wadda ta fi nauyi. Tun daga nan duk ranar kasuwa yana kawo tabilet wurin Haggai da safe, da la'asar ya same ta ko rabi ba ta kai ba. Ya ce ko dai an canja masa batir, ko ana ba samari su kalli ƙwallo da ita. A gaban dattawan coci ya faɗa. Mata suka fara kai wayoyinsu wata rumfar.

Ranar kasuwa na je na zauna a bencin Haggai kamar mai jiran mota. Kawu ya iso da kayansa a naɗe cikin ƙyalle. Haggai ya rusuna ya karɓa da hannu biyu, ya jona da kan cajar da aka miƙo masa, duk da akwai wasu a rataye. Na kula Kawu ya ɗiga mata jan fenti don ya gane in an canja ta. Har rana ta take ba wanda ya taɓa tabilet ɗin, kuma cajin yana rarrafe. Wannan bai wanke shi a wurina ba, don mai yiwuwa tuni an yi ɓarnar. Na juya bayanta, na bi gefenta da farce, ban ga alamar an taɓa buɗewa ba.

Da Kawu ya dawo dubawa na ciro tawa kan cajar mai wat ashirin da biyar na ce mu gwada. Na yi masa bayani cewa batirin tabilet babba ne, abin da ke isar ƙaramar waya ba ya isar sa. Ya jinjina tawa a hannu.

“Aaron, wannan fankon ka je ka karanto?”

Da ƙyar ya yarda. Kafin ya gama cin gyaɗar da ya saya, cajin ya hau fiye da na dukan safiyar. Ya taɓa bayanta ya ji ɗumi, ya ce ga shi nan na sa mata zazzaɓi. Na nemi izinin fasa tasa. Sai da na sa wuƙa da dutse ta buɗe. A ciki guntun ƙarfe ne aka liƙe da gam, sai ɗan allon lantarki da bai kai farcen babban yatsa ba.

Kawu ya dubi ƙarfen, ya dubi Haggai, ya tambaya wa ya buɗe ta kafin yau. Haggai kansa na ƙasa. Nkechi mai shagon kayan miya da ke gefe ce ta amsa.

“Baba, ɗan naka ɗin nan ya kusa karya wuƙa a gabanka. Haggai da haƙori ya buɗe?”

Kawu ya jefa ƙarfen a aljihu ya tafi. Ranar Lahadi ya gaya wa dattawa cewa laifin na caja ne, amma ya ƙara da cewa shi dai bai rufe ido ba. Wasu matan sun dawo rumfar, wasu ba su dawo ba. Tawa kan cajar kuwa ya ƙi karɓa, ya ce zai sayi tasa da kansa.

Na koma wurin Haggai da sauran shakkata, don shirun da ya yi bai kwanta mini ba. Ya ce bai san ƙarfe ne a ciki ba, amma tun makon farko ya ga ba ta ja. Ya tura Glory ta faɗa wa mahaifinta, aka ce miji ne ya sa mata magana a baki. Canjawa a ɓoye kuma ba ta yiwuwa, don tsohon yana leƙowa ba sallama, in ya ga wata caja a jikin kayansa ya samu shaidar da yake nema. Shi kuwa ba zai buɗe baki ya ce wa uban matarsa bai iya sayayya ba.

Na ce, “To in ya sake zuwa da mai nauyi fa?”

“In jona masa mana,” ya ce yana yankan zare. “Sai in aika a kira ka. Kai ɗan ƙanwarsa ne, kana iya fasa masa kaya ka kwana lafiya.”